Harshen Alhaji Maccido

A duk ƙasar Illela, daga Garu har Amarawa, babu harshen da ya kai na Alhaji Maccido sanin miya. Loma ɗaya ta ishe shi ya faɗi garin da aka yi daddawar, da ko man shanun sabo ne, da ko mai girkin tana cikin fushi lokacin da ta ɗora tukunya. Sama da komai kuma, tun da uwarsa ta haife shi dunƙulen miya na kanti bai taɓa bi ta maƙogwaronsa ba. Duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa ta albasa ya san wannan, domin Alhajin da kansa yake sanarwa, wani lokaci tun ba a gama gaisawa ba.

Matarsa Mahbuba ma ta sani. Shekara ashirin da uku ke nan tana sa masa dunƙule ɗaya a kowace miya.

Ba ita ta ƙirƙiro ba, gado ta ci. Kwananta tara a gidan, surukarta Inna Kaltume ta kira ta madafa, ta tura ƙyaure, ta ce za ta koya mata miyar da ɗanta yake ci. Aka zuba daddawar batso a turmi, aka haɗa da citta da tarugu da gabu, busasshen ganyen albasar da ba a rasa shi a gidan. Sai tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani ɗan abu a takarda mai ƙyalli, ta ɓare, ta jefa a turmin, ta ci gaba da daka.

Mahbuba ta ce, “Inna, ai ya ce ba ya cin wannan.”

“Awo, ba shi ci. Ubanshi ma bai ci ba har ya koma ga Allah.” Inna Kaltume ba ta ko ɗago kai ba. “Guda ɗaya tak. Cikin daddawa za ki dake shi, ba cikin tukunya ba, kada wani ya gan shi yana narkewa. Takardar ki tura ta ƙarƙashin toka. Amana na ba ki, ɗiyata. Ko bayan raina kada shi ji.”

Bayan shekara shida Inna Kaltume ta rasu, ta bar wa ɗanta gida da gona da labarin miya. Labarin ya fi riƙewa da kyau. Kowace Juma’a in an sauko daga masallaci, ana kai babban kwanon tuwon dawa da miyar kuka rumfarsa, ’yan kasuwa su kewaye shi, shi kuma ya yi musu bayani suna ci: wannan ita ce miyar mutanen da, kafin kamfani ya shigo tukunyar mata. Su gyaɗa kai, su miƙa hannu su ƙara.

Ta haka Mahbuba ta yi suna. Ba ta sana’a, ba ta yawon biki, rabin masu cin tuwon Juma’a ba za su gane ta a hanya ba. Abin da garin ya sani game da ita duk yana cikin kwanon nan. Mai miyar Inna ake ce mata. Iyaye mata sukan turo ’ya’yansu in biki ya matso, ita kuma ta koya musu tsakani da Allah: a barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji, a sa wa kuɓewa kanwa ɗan ƙanƙani in ana son yauƙi, kada a rufe tukunya bayan an kaɗa, man shanu sai an sauke. Su koma gida su gwada, su dawo su ce ba ta yi kamar tata ba.

Takan ce, “Hannu ne.” Su yarda.

Wahalar tana wajen samun dunƙulen. Ba ta isa ta aika kowane shago a Illela ba, don babu mai shagon da bai taɓa tsoma hannu a kwanon Juma’a ba. Shahida, wata dillaliya mai kawo turare da atamfa daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, ita take shigo mata da shi a naɗe cikin turmin zane. A garin da mutane suke tsallakar da buhuna a kan babur da rana tsaka, Mahbuba ce kaɗai mai fasa-ƙwaurin da gabanta yake faɗuwa. Tana ajiye kayan a gwangwanin allura da zare. Takardar kuma ba ta ƙonewa, sai dai ta yi baƙi ta dunƙule, a kwashe ta da toka. Da Alhaji ya sayo murhun gas, sai ta ce tuwo ya fi daɗi a kan itace, don kawai kada ta rasa tokar. Juma’ar da ta biyo baya ya ƙara wannan a cikin bayaninsa.

Sau ɗaya aka kusa samun matsala. In za ta yi tafiya takan daka daddawa mai yawa ta bari, a riƙa ɗiba. Shekarar da jinyar mahaifiyarta ta riƙe ta a Lafani, dakakkiyar ta ƙare, Sharifa ƙanwar Alhaji ta yi masa miya da daddawa zalla, yadda ta ji yana faɗa tun tana yarinya. Loma ɗaya ya yi ya ture kwano, ya ce yana jin warin kamfani a ciki. Sharifa ta yi rantsuwa har da kuka. Wata biyu ba su yi magana ba, kuma tun daga ranar bai sake cin miyar kowa ba sai ta gidansa. Ko Ƙonni zai shiga, da kularsa yake tafiya.

A damunar bana jiri ya kwashe shi a rumfa, ya zube a kan buhunan albasa. Aka kai shi asibiti, Mahbuba ta bi su. Likitar, wata matashiya mai tabarau, ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake ɗaurawa.

Ta ce, “Baba, jininka ya hau sosai. Za a rage gishiri. Dunƙule kuma a daina shi gaba ɗaya, don shi ma gishiri ne.”

Alhaji ya yi dariya, irin ta wanda aka yi wa tambayar da ya daɗe yana jira. “Ɗiyata, ba ’yar garin ga ba ce ke, ko? Ki fita ki tambayi duk wanda kinka gani. Ni Maccido ban san ɗanɗanon abin nan ba.”

“Ko kaɗan?”

“Ga mai tukunyar nan zaune.”

Likitar ta juyo ta dubi Mahbuba. Mahbuba ta dubi takalmanta, ta ga maɗaurin na hagu ya fara tsinkewa.

Likitar ta ce, “To, tunda babu abin da za a cire a abinci, sai mu dogara da magani.” Ta rubuta kala biyu. “In bai sauka ba nan da wata ɗaya za mu ƙara. Kada a yi wasa da shi, Hajiya. Irin wannan ne yake shanye rabin jiki.”

Da suka koma gida Mahbuba ta shiga madafa ta zauna a kan turmi. Hanyoyin ba su da yawa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In ta ci gaba da sawa, da hannunta za ta kwantar da shi. In ta faɗa masa, ta ci amanar wadda take kabari, kuma ta mayar da mutum mai shekara sittin abin dariyar duk wanda ya taɓa cin tuwon Juma’a. Ta san mutanen rumfar nan, za su yi shekara goma suna tambayarsa ko ya ji warin kamfani yau. Ba ta tabbata jininsa zai ɗauki wannan ba. Saura hanya ɗaya, ita ce ta cire shi ba tare da harshen da ba ya kuskure ya lura ba.

Makon farko ta sa rabi. Ya ci ya suɗe hannu. Mako na biyu ta sa kwata, ta fara neman abin da zai cike gurbin. Ta gasa daddawar a kan garwashi kafin ta daka, don ƙamshinta ya tashi. Ta soya albasa a wuta kaɗan har ta yi launin dabino, abin da yake cin kusan rabin awa a tsaye. Ta sa aka sayo ƙashin shanu, ta dafa shi tun hantsi har ruwan ya yi kauri, ta yi miya da shi. Ta daka kan busasshen kifi ta tankaɗe, ta ƙara busasshen tumatir. A shekara ashirin da uku ba ta taɓa yin girki da hankalinta duka kamar na kwanakin nan ba. Ranar Talatar mako na uku ta yi miyar da babu ko ƙwayar dunƙule a ciki, ta ɗanɗana, ta san ba ta taɓa yin wadda ta kai ta ba. Ta kuma san ba miyar Inna ba ce.

Ta kai masa bayan azahar, ta zauna gefen tabarma. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya kai loma. Ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu, wadda Sharifa ba ta samu ba. Sannan ya janye hannunsa.

“Mahbuba.”

“Na’am, Alhaji.”

“Mi kinka sa cikin miyar ga?”

“Daddawa ce, da gabu, da ruwan ƙashi.”

“Da mi kuma?”

“Kan kifi.”

Ya girgiza kai, cikin baƙin ciki na gaske. “Tun makon jiya nike jin ta tana canzawa, na yi shiru in ga iyakarki. Dunƙule kinka fara sa min. Yanzu na gane inda ciwon ga ya fito. Shekara sittin jinina lafiya lau.”

Sai ta faɗi gaskiyar da ba ta taɓa samun damar faɗa ba tun da ta shigo gidan.

“Wallahi, Alhaji, babu dunƙule cikin miyar nan.”

Ya daɗe yana kallonta. Bai taɓa kama ta da ƙarya ba, ita ma ba ta saba rantsuwa ba. Ya tashi da kansa ya shiga madafa, wurin da rabonsa da shi tun rasuwar Inna. Ta ji yana buɗe robobi, yana shinshina kwalabe. Gwangwanin allura yana ɗaki a kan taga, bai ko bi ta kansa ba. Ya dawo ya zauna.

Ya ce, “Na yarda da rantsuwarki. To abu ɗaya ya rage. Hannun ya tafi. Yana faruwa ga mata in shekaru sun ja, ba laifinki ba ne. Ki gwada tunawa da yadda Inna ta koya miki. Wataƙila akwai abin da kinka manta.”

“Zan gwada.”

Bai sake cewa a kai tuwo rumfa ba. Ya ce ba zai sa sunan uwarsa a kan abin da ba nata ba. Da mutanen Juma’a suka tambaya, ya yi musu bayani a natse, ba tare da cin mutunci ba: iyalinsa ta yi iya ƙoƙarinta shekaru da yawa, amma irin wannan miya ba ta zama a hannu har abada, shi kuma harshensa ba ya iya yi masa ƙarya ko don a zauna lafiya. Suka yaba masa da haƙuri. Kafin mako ya zagayo labarin ya shiga gidaje. Wata maƙwabciya da ta ce za ta turo ’yarta koyon miya ta aiko cewa yarinyar ba ta jin daɗi. Sharifa ta zo da kanta, ta zauna a madafa ta sha hura, ta ce ai kowa da ranarsa, ta ba da shawarar a riƙa ɗan jefa dunƙule ko rabi ne, tunda yaya ba gane komai yake yi ba.

Mahbuba ta ce, “Yana ganewa.”

Da wata ya cika suka koma asibiti. Likitar ta duba awo, ta ce jinin ya sauka fiye da yadda ta zata, ba sai an ƙara magani ba. Alhaji ya ce bai yi mamaki ba, jikin da aka gina da daddawa zalla ba ya wahalar da magani. Ya ba ta shawarar ta riƙa gaya wa marasa lafiyarta haka.

Ranar Lahadi Shahida ta zo daga Ƙonni da turmin zane a naɗe. Mahbuba ta warware shi, ta zare ƙullin da ke ciki, ta haɗa da sauran na gwangwanin allura, ta mayar mata a jaka. Shahida ta dube ta, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Sannan Mahbuba ta koma madafa, don albasar tana kan wuta kuma ba ta son a bar ta. Ta tsaya a kanta har ta yi launin dabino, ta juye ruwan ƙashin da ta ɗora tun hantsi, ta kaɗa kuka ba gudaji ko ɗaya. Ta kai masa. Ya ci rabin malmala, kamar yadda ya saba yanzu, ya wanke hannu, ya dubi sauran miyar.

Ya ce, “Allah shi jiƙan Inna.”

Mahbuba ta ce, “Amin.” Ta ɗauke kwanon.