Baba Ya Haddace Allon Gwaji

Tun da sabuwar doka ta ce ba a sabunta lasin bindiga sai da sa hannun likitan ido, dangina suka tuna ina da amfani. Ni ce likitar, mai bindigar kuma mahaifina ne.

Shekara talatin Baba yana korar birai daga gonarsa da ita. Bara ya ɗirka wa buhun taki harsashi, ya rantse biri ne. Aka sha dariya a gida. Ni ban yi ba, don ta cikin masarar nan Umma take bi kullum ta kai masa abincin rana.

Saura sati biyu lasin ya ƙare, sai Baba ya tsiri zuwa asibiti, wai ya yi kewata. Zai ja kujera dab da allon gwajin ido, yana motsa baki kamar mai lazimi. Ruwa ba ya tsami banza. Hadda yake yi.

Ranar gwaji ya zo da ƙaninsa. Baffa ya ja ni gefe, ya ce namijin da aka karɓe wa bindiga an tuɓe masa wando a kasuwa, kuma sa hannu ɗaya ko biro ba zai ji a jikinsa ba. Na ce to, a zo a gwada.

Baba ya zauna daga nesa, ya rero haruffan tun daga sama har layin da ni ma sai na kanne ido. Na sauke allon, na rataya wani dabam. Ya sake rero na farkon tiryan-tiryan, yana murmushi. Baffa ya sunkuyar da kai, amma bai fasa raɗa mini in rufa asiri ba.

Na ce ba zan rufa ba. Zuciyata ta karye, amma na rubuta cewa bai ci gwaji ba. Baba ya miƙe tsaye.

"Da gumina na kai ki makarantar nan," ya ce, yana nuna yatsa wajen ƙofa. "Kika buga hatimin nan, ba ni ba ke."

"Baba, ga ni nan ta damanka. Rigata ce a rataye kake yi wa faɗa."

Yatsan ya sauka a hankali. Na buga hatimin, ƙararsa kuwa ko kurma ya ji.

An karɓi bindigar. Yau wata biyu Baba bai amsa gaisuwata ba, Baffa kuma yana yawo da ni a dangi, wai boko ya cinye mini kunya. Su yi ta yi. Kullum da safe sai na je na durƙusa na gaishe shi, ya kau da kai, ni kuma in leƙa kicin in tarar da Umma da ranta, tana haɗa kwanon da za ta kai gona.