Sarauniya Mai Kai Biyu

Zazzaɓi ne ya kayar da Usaina bayan azahar, ta kifa kai a kan teburin da take zanen sabuwar karta. Sarauniya kaɗai ta rage mata. Mai ɗab'i ya ce dole a yi mata kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kada ɗan wasa ya juya ta a hannu a gane abin da ya riƙe. Ita kuwa, uwar taurin kai, sai ta zana fuskarta a sama, a ƙasa kuma fuskar Hassana, abokiyar tagwaicinta da ta rasu bara.

Sai ga ta a wani gari da aka gina da takarda. Mutanen garin duk sun ba ta baya, kuma bayan kowa iri ɗaya ne sak, zanen da ta yi da hannunta. Ta yi sallama har muryarta ta dushe, ko tari ba wanda ya yi.

Can wani tsoho ya ɓullo, fale-fale da shi, in ya juya gefe sai ya ɓace.

"Baba, Hassana nake nema."

"Ni ne joka na cikin karta, 'yata. Ba ni da gida a nan, amma ba ƙofar da ba na shiga. Biyo ni."

Suna tafe unguwanni na cakuɗewa, gabas ta koma yamma. A bayan gari suka tarar da wata karta a tsaye, tsayin ƙofar zaure. Usaina na matsawa kusa sai ta ji ta a ciki, ba ƙafa ba dalilinta. Daga ƙugunta zuwa ƙasa Hassana ce, kai a kife, ido a buɗe.

"Usaina, na gaji da ƙasa," in ji Hassana. "Juya mu."

"In na juya, ni fa?"

"Ke kika zana," in ji tsohon. "Kai biyu ba sa zama a sama tare."

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma wallahi kewar 'yar'uwarta ta fi tsoron ƙarfi. Ta kama gefen kartar ta tura. Sanyi ya fara hawa mata wuya, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mata hanci.

Firgigit ta farka, mahaifiyarsu na girgiza kafaɗarta.

"Hassana, tashi mana, jikinki ya yi sanyi."

"Na'am, Inna," ta amsa da muryar Hassana.

Inna ta janye hannunta a hankali.