Sai Ta Haihu

Loma ta uku ce ta tsaya wa Malama a ƙirji. Ta ajiye cokali, ta dafa bango har banɗaki. Abin da ta amayar akwai jini a cikinsa. Cikinta wata huɗu, amma rigunan da take zuwa koyarwa da su sai ƙara yi mata yawa suke a kafaɗa.

"Laulayi ne," in ji surukarta daga falo. "Mu ma da haka muka haife su."

A asibiti likita ta auna ta sau biyu, sannan ta jawo takarda.

"Akwai gwajin da za mu yi miki. Siririn bututu ne mai kyamara, ta baki za mu zura mu duba maƙogwaro da tumbi. Ba ya kusantar mahaifa. Za ki kwanta ta gefen hagu, maganin barci ɗan kaɗan, mu saurari bugun zuciyar jaririn kafin mu fara da bayan mun gama. Ba zan ce babu haɗari ko kaɗan ba, amma waɗannan watannin ne suka fi dacewa. Ni jiran ya fi ba ni tsoro."

Malama ta miƙa hannu za ta ɗauki biro. Mijinta ya riga ta ɗauke takardar, ya ninke.

"Bari mu yi shawara a gida, likita."

* * *

Yayan mijin, mai kemis, shi ya jagoranci shawarar. Ya kunna musu muryar wani mutum a waya, wanda ya rantse hasken kyamarar ya taɓa makantar da jariri a ciki.

"Yaya, likitar ta ce ba hanya ɗaya ba ce," in ji mijin a hankali.

"Ciki ai ciki ne. In wani abu ya sami ɗan, likitar ce za ta biya ka?"

"Shekara shida muna jiran wannan cikin," in ji surukar. "Wata biyar ne zai gagare ta? Sai ta haihu."

Malama na cikin ɗaki, ƙofa a buɗe, tana jin komai. Ba wanda ya kira ta. Ta yi tunanin fitowa, sai ta ga duk abin da za ta faɗa zai zama ta fifita kanta a kan ɗanta. Mai kemis ya bar mata kwalbar farin maganin gyambon ciki a kan tebur.

A wata na shida ta daina cin abinci mai tauri. A na takwas ta daina zuwa makaranta, don muryarta ba ta kai bayan aji.

* * *

Ta haifi namiji, lafiyayye. Bayan mako biyu aka yi mata gwajin. Minti goma ya ɗauka. Likita ta daɗe tana kallon hoton kafin ta kira mijin gefe. Ƙari ne na ciwon daji, ta ce, kuma ya riga ya yaɗu.

Da suka dawo, falo cike yake da 'yan barka. Mai kemis na riƙe da jaririn, yana kaɗa masa makulli a gaban fuska.

"Kun ga idanu tar? Da kun bi ta likita fa?"

Malama ta ratsa ta tsakanin takalman baƙi ta shiga ɗaki. A kicin, surukarta na tambayar wata maƙwabciya cokali nawa na madarar gwangwani ake zuba wa jariri.