Gumbar Arba'in ɗin Inna

Ranar da Inna ta cika kwana arba'in da rasuwa, Sahadatou ta baro Lyon a jirgin ƙasa, ta nufi shagon Hajiya Zuwaira a unguwar Goutte d'Or da ke Paris. Duk faɗin Paris, nan kaɗai ta san akwai hatsi da turmi. Tunda ba ta samu jana'iza ba, so take ta daka gumbar sadaka da hannunta.

"Ga inji nan, ɗiyata, yanzu a gama," in ji Hajiya.

Ta ƙi. Inna ba ta taɓa kai hatsi inji ba. Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da goyon Sahadatou a wani ƙauye can filayen Dakoro, ita ke noma, ita ke jan guga, ga dakan gidaje uku. Tafin hannunta duk kanta ne.

Sahadatou ta ɗaga taɓarya a bayan shagon. Bugun farko hatsin ya watse ƙasa. Ba a jima ba hannunta ya yi bororo, ya fashe.

Hajiya ta kamo hannun ta duba. "Ke da aka haifa a ƙauye, ba ki iya daka ba?"

Sai ta tuna. Duk ranar da ta ɗauki taɓarya, Inna fizgewa take da faɗa: "Ajiye min! Je ki ɗauki littafinki." Shekara da shekaru tana zaton raina aikinta Inna ke yi.

Ta zauna kan buhu, hawaye na zuba.

"Hajiya, nawa dakan ma ita ta yi."