Kakan Malam Kalis na Biyar

"Goge shi, Jipara."

"Malam, kai fa ka ce kada mu yarda da magana sai mun same ta a wuri uku."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ki goge."

Jipara ta rungume kwamfutar hannun kamar za a ƙwace mata ɗan rago. Sauran ɗalibai sun tafi gida. Malam Kalis ya juya yana hura murhun ɗumama aji, alhali wutar na ci.

Shi ya jawo wa kansa. Ranar da aka raba wa makarantar kwamfutocin, har sabuwar farar hula ya sa, ya tsaya yana zuba hikima: littafi ɗaya shaida ɗaya ne, shaida ɗaya kuwa ba ya yanke shari'a. Sannan ya ce kowa ya binciko kakanninsa bakwai. Jipara ta haddace nata tun tana ƙarama, sai ta zaɓi na Malam. Ba laifinta ba ne. Shekara uku yana cika musu kunne da Bektur, kakansa na biyar, wanda ya kori ɓarayin dawaki shi kaɗai da sanda.

Ta samo hoton tsohuwar takardar kotu. Ta samo littafin wani matafiyi. Ta haye kogi ta ɗauko muryar wata tsohuwa. Bakinsu ɗaya: Bektur cikin ɓarayin yake. Dokin da ya sato ne ya kayar da shi a bakin ƙauye, ya karye, aka yi jinyarsa, ya ga wuri ya yi aure.

"Tsohuwar nan ta rikice."

"Kotun ma ta rikice, Malam?"

Kalis ya ci gaba da hura murhun. Gobe iyaye za su zo sauraron aikin yara. Babansa zai zauna a gaba, mutumin da ba ya kurɓar nonon goɗiya a biki sai ya jero sunayen nan bakwai, ya dakata a kan Bektur ya gyara murya.

Kalis ya tuna shi ma sau biyu doki na kayar da shi. Ashe gado ne.

Jipara ta ajiye kwamfutar a teburinsa, yatsarta a kan wurin gogewa.

"To zan goge. Amma gobe idan suka tambaye ni a wuri nawa na samu labarin sandar, in ce nawa?"