Larabar Da Majalisa Ba Ta Sa Wa Hannu Ba

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni inda ban aike shi ba. Amma bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san abin da ya sa ya dame ni.

Sunana Sallau, facin taya nake yi a bakin tasha. Duk wanda ke zama teburin mai shayinmu ya san bakina a kan gwamnati. Shekara da shekaru magana ɗaya nake yi: ta ɗauke hannunta daga wuyanmu, ta ga ko za mu mutu. Jiya da la'asar rediyo ya ce a wata ƙasa mai nisa 'yan majalisa sun kasa shiryawa a kan kasafin kuɗi, har an rufe ofisoshin gwamnati. Na yi tafi, na ce Allah ya kawo mu wannan rana, a rufe ta a jefa makullin a rijiya. Na dawo gida ina jin kaina wani gwani.

A gida kuwa abin da ke gabana ya fi majalisar kowace ƙasa. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu da Kubura, sai Larabar da ta wuce Allah ya ba mu haihuwa, mace. Ranar Laraba suna. Rago na ɗaure a tsakar gida, goro na cikin algarara, sunan kuma yana cikin ƙirjina, ban faɗa wa kowa ba.

To, a mafarkin na fito ƙofar gida da sabuwar rigata ina jiran mutane. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, saboda haka kowa ya juya laimarsa ya tsaya a cikinta. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu tabarma ko ɗaya a shimfiɗe, kuma rana ta tsaya cak a hantsi kamar an kafa ta da ƙusa.

Maƙwabcina Bawa ya zo wucewa, na ce, "Bawa, ina mutane? Yau fa suna."

Ya ce, "Wane suna? Yau Talata."

"Jiya ce Talata."

"Jiya Talata, yau Talata. Ba ka ji an rufe gwamnati ba? Ba a saki Laraba ba. Majalisa ba ta sa hannu ba."

Na ce, "To jaririyar fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai ta jira. Kai ba ka ce a rufe ba?"

Sai ga ni a layi, gaban wani dogon gini da aka rubuta wa Ofishin Rabon Ranaku. Layin ya yi tsawo har ya zagayo ya haɗu da wutsiyarsa, na gaba yana bayan na baya. Akwai wata mata da aka sa bikin 'yarta Asabar, akwai wani manomi da ke jiran ranar kasuwa da albasa a ka har ta fara tsiro. A gabana wani tsoho ne siriri, an rataya masa allo a wuya an rubuta: BA DOLE BA.

Na ce, "Baba, wa ya yi maka wannan?"

Ya ce, "Ofis. Da aka rufe sai aka raba ma'aikata kashi biyu, na dole da waɗanda ba dole ba. Shekara talatin ni ke yage takardar kalanda kowace asuba. Ban taɓa makara ba." Ya shafa allon ya ce, "Ba albashin ke damuna ba, ɗana. Tsoro nake kada gari ya waye babu ni."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. A teburin shayi idan na ce a rufe, ban taɓa tuna cewa akwai irinsa a ciki ba.

Da na iso taga, akuya ce a zaune da tabarau da gyale, tana tauna wata takarda a hankali.

Na ce, "Ranki ya daɗe, Laraba nake nema. Guda ɗaya tak. Ko rabi ne, daga asuba zuwa hantsi ya ishe ni."

Ta ce, "An rufe."

"To ke me kike yi a nan?"

"Ni ma'aikaciyar dole ce. Aikina in gaya wa mutane an rufe."

"Yaushe za a buɗe?"

"Ka dawo gobe."

Na ce, "Haba baiwar Allah! Ai goben ce babu!"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wannan kuma ba daga teburina ba ne." Ta ja labule.

Sai ga ni a zauren majalisa. Duk bunsuraye ne, an raba su dama da hagu. Na dama su ne Jam'iyyar Ƙaho, na hagu Jam'iyyar Gemu. Na duba da kyau, na ga duk na daman suna da gemu, duk na hagun suna da ƙaho. 'Yan Ƙaho suna cewa a saki Laraba amma a yanke mata la'asar, don tsimi. 'Yan Gemu suna cewa a saki Laraba da la'asar biyu, don talaka. Kowane ɓangare ya rantse ba zai sa hannu ba sai an rubuta cewa ɗayan ne ya jawo Talatar nan. Takardar kasafin na tsakiya a kan tebur, duk wanda ya tashi magana sai ya ɗan gutsiri gefenta.

Na ɗaga kai na ga kalandar bangonsu. Juma'a! Na tambayi wani bunsuru da ke kusa da ni, ya ce, "E mana. Mu ranakunmu ba sa tsayawa. Idan suka tsaya, yaushe za mu zauna mu gyara naku?"

Nan raina ya ɓaci. Na hau kan kujera na daka tsawa: "Kai, ku ji tsoron Allah! Ina da 'ya a gida, kwananta shida an hana ta na bakwai! Shekara goma sha ɗaya na jira ta, yanzu ku za ku sa in kira ta 'ke'?"

Shugaban Ƙaho ya miƙe ya ce, "Kun ji abin da Gemu suka yi wa wannan talaka." Shugaban Gemu ya miƙe ya ce, "A ɗauki hotonsa, shaida ce a kan Ƙaho." Suka zo suka tsaya dama da haguna aka ɗauke mu hoto. Ɗaya ya ci gefen hulata. Daga nan aka tafi hutun Juma'a.

Sai ga ni a kasuwa. Mutane sun gaji da jira, kowa ya kama yin ranarsa. Na ce yauwa, abin da nake faɗa ke nan! Mai nama ya ce shi kullum Juma'a yake ciki. Masu haya duk sun koma ranar biyu ga wata, masu gidaje sun tare a talatin. Wani mutum ya jawo ni bayan rumfa ya ce yana da Laraba sabuwa a leda. Na saya, na buɗe, ashe rabinta Lahadi ce an yi mata fenti.

Na tafi neman liman, na same shi a Alhamis, ya ce in yi haƙuri, shi ya riga ya wuce Laraba, kuma ba ya komawa baya. Na tafi wurin wanzami, shi yana Litinin, ya ce sai jibi. Surukina yana Asabar yana fushi da ni, wai an yi suna ba a gayyace shi ba. Na tsaya tsakiyar kasuwa da rabin Lahadi a hannu, na ga kowa ya sami 'yancinsa, ni kuma ba ni da mutum uku da za su zauna a tabarma ɗaya su ce amin.

Ba zan ɓoye muku ba, layin ofis na koma. Ni Sallau, mai cewa a jefa makulli a rijiya, na tsaya bayan tsohon nan mai allo ina leƙen labule ko zai motsa. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba, tunda rana ba ta gusa ba.

Sai na ji an ja kunnena ta baya. Gwaggo Delu ce, ƙanwar mahaifin Kubura, wadda ta zo zaman wankan jego. Hannunta duk warin hayaƙi da ganyen darbejiya.

Ta ce, "Sallau, uban me kake yi a nan?"

"Gwaggo, Laraba nake jira."

"Juyo."

Na juya wa ofishin baya. Ikon Allah! Ranar da nake gani a kafe, ashe ga mai kallon ofis kawai take a kafe. A bayana inuwa ta miƙe ta gajarce ta sake miƙewa, kaji sun shiga akurki sun fito.

Gwaggo ta ce, "Ni na dafa ruwan wankan nan safe da yamma, na san tukunya nawa na sauke. Cibiyar yarinya ta faɗi, ba ta tambayi akuya ba. Matan unguwar nan duk sun san yau bakwai, tun asuba suke daka. Ku maza ne kuka rabu biyu, masu tsayuwa a layi da masu sayen rana a leda."

Na ce, "To liman yana Alhamis, wanzami yana Litinin."

Ta ce, "Ka taɓa ganin namijin da ya ji ƙanshin waina ya tambayi wace rana ce? Wuce mu tafi. Kai ma, Baba, cire allon nan ka zo ka raba mana goro."

Tsohon ya cire allon, ya rasa inda zai ajiye shi, ya riƙe shi a hammata ya biyo mu.

Sai ga ni a ƙofar gidana, tabarmi a shimfiɗe, mutane maƙil. Liman ya dawo daga Alhamis da takalmansa a hannu. Wanzami na wasa aska. Surukina ya huce. Babu wanda ya sa hannu a komai, kowa ya dai dubi na kusa da shi ya yarda yau Laraba ce. Ruwan sama ma ya tsaya yana tunani a tsakanin sama da ƙasa. Mahauci ya kwantar da rago, liman ya matso da kunnensa kusa da bakina ya ce, "Malam Sallau, wane suna?"

Daidai nan akuyar taga ta ratso taron da fayil a baki. Ta ajiye shi ta ce, "Wannan Laraba ba ta da hatimi. Duk sunan da aka raɗa a cikinta, ofis bai san da shi ba. Idan aka buɗe, yarinyar za ta zama ba ta nan. Ka jira, an kusa shiryawa."

Kowa ya zuba mini ido. Na buɗe baki zan faɗi sunan, sai na fasa. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske. Idan ta girma aka ce ba ta nan fa? Makaranta fa, asibiti fa? Na kama kaina ina kallon fuskar akuyar nan ina jiran ta gyaɗa mini kai. Kunya ta rufe ni. Ashe duk zagin da nake yi wa gwamnati a teburin shayi, zagin mai jira ne.

Daga bayan labulen zaure na ji muryar Kubura. Ita da ba ta ɗaga murya a gaban maza, ta ce, "Malam, ga ta nan a hannuna, da nauyinta da ɗuminta. Wa zai ce ba ta nan? Wa kake jira?"

Na ɗauke idona daga akuyar. Na kama kafaɗar liman na ce, "Rakiya. Sunan mahaifiyata."

Liman ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a. Ruwan da ke rataye ya sauko gaba ɗaya, daga sama zuwa ƙasa yadda Allah ya yi shi. Akuyar ta ciro wani ƙaton hatimi ta hau buga shi a kan fayil, ko na amincewa ne ko na ƙi ban sani ba, sai dai dum, dum, dum.

Na buɗe ido. Turmi ne. Mata ke daka a tsakar gida, Gwaggo Delu na yi wa wata faɗa a kan gishiri, rago na kuka. Na dubi kalandar shagon taya da ke rataye a bangon ɗakina, tana nan a kan Talata, babu wanda ya yage ta.

Na leƙa ɗakin Kubura na ce, "Yau wace rana ce?"

Ta dube ni kamar na zautu, ta ce, "Yau sunan 'yarka. Ka je ka shimfiɗa tabarmi, mutane sun fara zuwa."

Na bar kalandar yadda take, na ɗauki tabarmi na fita.