Kafin a Yanka Ɓaunar

A ƙauyensu da ke kan tudun Rantepao, an san Marthen da abu ɗaya, wato bakinsa bai iya cewa a'a ba. Matan coci kan ce ko rigar jikinsa ka roƙa zai tuɓe, har ya ba ka haƙuri don ta tsufa. Maza kuwa, in suna shan bammi a ƙarƙashin rumbu, cewa suke Allah ne kawai ya rufa masa asiri da ya haɗa shi da matarsa Damaris.

To, ran kasuwar ɓauna, irin ta gida da suke kiwo, ba tare da Damaris ya je ba. Sampe, ɗan ƙanen mahaifinsa, shi ya ja shi. Surukin Sampe ya rasu tun bara, sai yanzu aka sa ranar bikin binnewa, don a al'adarsu ajiye gawa ake yi har dangi su shirya kawo ɓauna a yanka, Sampe kuma ya rantse ba zai shiga filin taro da baƙar ɓauna kamar kowa ba, sai mai dabbare-dabbare, wadda kuɗinta zai gina gida. Falken da ke sayar da ita ya ce ba ya ba da bashi sai da mai tsayawa. Sampe ya juyo ya dubi Marthen. Kafin Marthen ya gama tunani har ya miƙa hannu an tafa, ya ambaci fadamar shinkafar da ke bayan coci a matsayin jingina. Fadamar ba tasa ba ce, Damaris ce ta gada daga uwarta.

Tun ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In ya durƙusa addu'a, ɓaunar yake gani tana tuƙa. Damaris ta daina zama in ta ajiye masa kofi, da haka ya gane matan kasuwa sun kai mata labari.

Ran Lahadi fasto ya karanta wurin da ake gargaɗin wanda ya tsaya wa maƙwabcinsa a kan bashi, cewa ya ɗaure kansa da bakinsa, kada ya kwanta sai ya je ya ƙasƙantar da kai ya roƙa, ya kuɓuta yadda barewa ke kuɓuce wa mafarauci. Marthen ya ji kamar da shi ake. Muddin ɓaunar na numfashi ana iya mayar da ita. Da zarar an shigar da ita fili an kira sunan Sampe, an sa mata wuƙa, fadama ta tafi. Kuma a makon ne za a yi bikin.

Daga coci ya wuce gidan Sampe, aka ce ya fita. Ya koma washegari, aka ce yanzun nan ya bar wurin. Matar Sampe ta kawo kofi, Marthen ya sha ya yi godiya, ya tashi yana jin haushin godiyar. Sai a rafi ya same shi, yana wanke ɓaunar da sabulu, yana goge mata ƙaho da man kwakwa.

"Yaya, kallon amarya ka zo?" in ji Sampe.

Marthen ya tambaye shi da me zai biya. Sampe ya yi dariya, ya nuna wani jan zakara a kwando, ya ce ai za a yi faɗan zakaru bayan biki, wannan kuwa bai taɓa faɗuwa ba, an ma kai shi wurin wani tsoho ya tofa masa. Ya ce Marthen ya sa nasa kuɗin su ci tare.

"Wato gonar matata a kan ƙafar zakara take tsaye?"

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. So kake in shiga gaban surukai da alade kamar maraya?"

Marthen ya roƙa. Ya kira sunan kakansu, ya durƙusa a cikin laka da wandon zuwa coci. Sampe ya ci gaba da wanki, yana cewa a bari sai gobe. Can Marthen ya miƙe, ya kama igiyar da ke zoben hancin ɓaunar.

"In ka tafi da ita, kada ka sake kirana ɗan'uwa," in ji Sampe.

Ya tafi da ita. Mutane suka fito bakin hanya suna kallo, wata tsohuwa ta tofar da yawu. Falken ya zagaya dabbar, ya ce ta rame, ya ce an ɓata masa ciniki. Bai warware maganar ba sai da Marthen ya yarda ya bar masa aladun da yake kiwo domin makarantar 'yarsu Ludia.

Da yamma ya iso gida, laka ta bushe a gwiwarsa. Damaris na tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ya faɗa mata fadama ta kuɓuta, aladu sun tafi, Sampe kuma ya yanke gaisuwa. Ta ce ta ji, labari ya riga shi zuwa. Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu, ta ci gaba da tsinta. Sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Maman Ludia, gonar uwarki na jingina ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."